Taliya Ba Nama a Gidan Mahauta

Zuwa ga Mahfuza, sanyin idona, ruwan farko a kan gonar da ta gaji da jira, inuwata idan rana ta take,

Bayan sallama, ina miƙo gaisuwa daga Batsari har Runka. Ina su Baba da Inna? Yaya fargabar hanya? Allah Ya ƙara tsare min ku.

Langar da kika ba mai babur ta iso, kuma tun ranar gidanmu bai zauna lafiya ba. Da na ɗaga murfi, hancina ya riga idona. Taliya ta sha man gyaɗa, tumatir bai gama saki ba, ga tattasai, ga karas, ga alayyafo kore shar kamar yanzu aka tsinko shi. A sama kuma wani farin abu ya narke ya kama taliyar. Sai da na yi nisa da ci na gane cuku ne. Cuku a taliya, Mahfuza! Wa ya koya miki? Daka shi kika yi a turmi, ko jiƙa shi? Albasa kika fara soyawa, ko tare kika zuba su? Me ya hana alayyafonki yin baƙi? Kada ki yi dariya, na gwada da kaina, na jefa cukun guda-guda a tukunya, saura kaɗan in bar haƙorina a kwano.

To, ga inda gizo ke saƙa. Gwaggo Tasalla, yayar mahaifina, ta sa cokali ta juya langar har ƙasa, ba ta ci karo da ko tsoka ɗaya ba. Ta tafa hannu, ta ce wannan ba girki ba ne, saƙo ne: yarinyar da ta aiko abinci ba nama gidan mahauta, cewa take yi ba ta auren mahauci. Na san halin Gwaggo, ba ta rasa abin faɗa. Amma maganar ta shiga kunnen baffannina, kuma zuwan da suka shirya wurin Babanku neman aurenki, sun ce a dakata.

Ni kuwa wani abu daban nake tunawa. Kin tuna yammacin da na same ki a lambun Babanku kina ban ruwa? Kika tuge karas, kika ɗauraye a bokiti, kika miƙo min. Ina ci na ce miki tun ina yaro hannuna ke cikin jini da kitse, har ƙamshin tsire ya daina burge ni, ina marmarin abincin da wuƙata ba ta taɓa ba. Kika sunkuyar da kai, kika ci gaba da ban ruwa. Shin maganar nan kika riƙe duk tsawon lokacin nan? Ko kuwa Gwaggo ce ta fi ni fahimtar ki? Wayyo, farin watana, tambayar nan ta hana ni sukuni! Ina yanka ina tunani, jiya har na ƙunsa wa mai neman hanta huhu.

Ba na jin kunyar sana'ar ubana, kuma ba zan bar ta ba, gara ki sani tun yanzu. Idan ƙi ne, ki faɗa min ba kwana-kwana, zan haɗiye ko da zai tsaya min a wuya. Idan kuwa so ne, ya ke zumar rayuwata, kada ki wahalar da kanki da takarda. Ranar kasuwa mai zuwa ki sake dafa irin taliyar nan, kada ki sa ko ƙashi, ki ce a kai wa Gwaggo da sunanta. Ba zan ɓoye miki ba: bayan duk faɗan da ta yi, na leƙa ɗakinta na tarar ta juya wa ƙofa baya, tana suɗe langar da yatsa.

Naki ke kaɗai, yau da gobe, har ranar da ƙasa za ta rufe idona,

Sada