Garba, Na Gano Abin da Ya Hana Ƙafar Jirgi Sauka

Zuwa ga Malam Garba mai wayarin, mutumin Tsafe, a duk inda yake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci, don na san halinka in ranka ya ɓaci. Ni ne Haruna, taubashinka, wanda kuka yi rumfa ɗaya da shi a bakin tashar Gusau. Ba ni da adireshinka, shi ya sa na kawo takardar nan jarida. Masu karatu su yi mini haƙuri, ba da su nake ba. Amma duk wanda ya san wani dogon mutum mai gyaran wutar mota, mai tabon ƙuna a girar hagu, don Allah ya karanta masa.

Direbobi sun wahalar da ni a kanka. Wannan ya ce ya gan ka a Lakwaja, wancan ya rantse a Jos kake, wani ma ya ce kun ci tuwo tare a Badun. Da na matsa masa da tambaya, ashe gajere ya gani. Ka tafi ana ce da mu Jihar Arewa maso Yamma, yau ga mu a Jihar Sakkwato, ko saƙon baki ba ka aiko ba. Ina jin haushinka, Garba, gara in faɗa tun daga farko.

Kana tune da ranar da jirgin ruwan nan ya shigo tasha? Bayan an koma tuƙin dama ne da ɗan lokaci. Alhaji mai motocin da muke wa aiki ya saye shi a hannun wani Bature da zai koma gida, aka jawo shi a kan tirela. Fari ne fat, jikinsa ba ƙarfe ba, ba katako ba, wata roba ce mai tauri. 'Yan kamasho suka bar lodi, masu fura suka ajiye ƙorai, kowa yana shafa shi. Alhaji ya ce Bungudu zai kai shi, ya riƙa ƙetarar da mutane in gulbi ya kawo.

Injinsa irin na mota ne, yana kwance a cikin jirgin ta baya, an rufe shi da murfi. A waje kuma akwai abin da muka sa wa suna ƙafa, ita ke riƙe da farfela. Kusa da sitiyari akwai madanni. Ka danna sama, ƙafar ta ɗaga don kada ta ci yashi. Ka danna ƙasa, ta nutse jirgi ya tafi. Wani ɗan famfo mai aiki da batir ke tura ta, da 'yan gwangwanaye biyu masu ba shi wuta, irin wanda ke jikin kik ɗin mota, ɗaya na hawa ɗaya na sauka.

Tun a tasha ta nuna hali. Tana ɗagawa, ba ta sauka. Na ce maka mu ce wa Alhaji ba aikinmu ba ne, ni ko tafkin bayan gari ban taɓa shiga ba. Ka dube ni ka yi dariyar nan taka mai ban haushi, ka ce: “Wuta wuta ce, Haruna, ko a tudu ko a ruwa.”

Ranar ka burge ni, ba zan hana ka haƙƙinka ba. Ka musanya wayoyin gwangwanayen biyu, sai ciwon ya koma ɗaya ɓangaren: tana sauka, ba ta ɗagawa. Nan ka gane gwangwani guda ne ya mutu. Ka ciro na wata tsohuwar mota ka ɗaura, ƙafa ta yi sama ta yi ƙasa, tasha ta ɗauki sowa. Sati guda ka yi kana cika baki. Har Inna, mahaifiyarka, ka je Tsafe ka ba labari, ta ce ita dai ka yi nesa da gulbi, danginmu ba su gaji ruwa ba.

Alhaji ya damƙa jirgin a hannun Ɗandare, masuncin nan da ya gaji fito tun daga kakansa. Mutum ne mai faɗin tafin hannu, in ya gaisa da kai sai naka ya ɓace a ciki. Damina guda jirgin ya yi yana aiki lafiya. A ta biyu, ana tsakiyar marka, aka aiko mu zo maza.

Ranar kasuwa ce. Gulbi ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa. Kwale-kwale ba ya iya shiga. A wancan ƙetaren mutane sun yi cincirindo da kaya da awaki, har da mara lafiya a kan gadon kara, ana ta ɗago mana hannu. Ƙafar jirgi kuwa ta ɗaga ta tsaya a sama. Ka danna sama, ƙas. Ka danna ƙasa, ƙas. Ban da wannan ƙarar babu abin da ke motsi.

Ka bi abin yadda maigidanmu ya koya mana, daga batir zuwa gaba. Batir da ƙarfinsa, don ham na kuka. Fis bai ƙone ba. Ka ciro ƙwan gwajinka, sai na ga kana waige-waige, kana neman ƙarfen da za ka dangwala wa ɗaya bakin wayar. A mota ko'ina ka taɓa bodi ne, ƙarfe ne zalla. A nan babu, sai da ka ja waya har kan batir. Ƙwai ya kama a madanni, ya kama a gwangwani na hawa, ya kama a na sauka. Wuta ta iso ko'ina, famfo ya ƙi juyawa. Na ga gumi yana ɗiga ta haɓarka, mutanen gaɓa kuma kowa ya zama makanike, wannan ya ce a buga, wancan ya ce a jijjiga.

Ka ce in haura wurin motar da muka zo da ita in ɗauko ɗaya batir ɗin mu gwada. Ina fita na ce maka warin fetur ya yi yawa, a bar murfin a buɗe ya sha iska. Ka ce to, ba tare da ka ɗago ba.

Abin da ka yi bayan na juya baya, babu mai wayarin a tashar Gusau da bai yi shi sau dubu ba. In kik ya ƙi, sai a kara sukundireba a kan ƙusoshin gwangwani, wuta ta tsallake kai tsaye, tartsatsi ya tashi, mota ta kama. Ko direba ya iya. Amma mota ƙasanta a buɗe yake, tiririn fetur zubewa yake iska ta kwashe. Cikin jirgi kamar ƙwarya yake, abin da ya taru a ciki yana nan. Babu wanda ya taɓa gaya mana haka, mu da muka tashi a ƙarƙashin manyan motoci.

Ina ɗauke da batir a kafaɗa na ji ƙarar. Da na waiga, bayan jirgin ya zama wuta, kana ciki har ƙugu. Ɗandare ne ya zura hannu biyu a cikin harshen wutar, ya cafko rigarka tana ci, ya yi jifa da kai a ruwa. Kai ka tashi da tabo a gira. Shi kuwa da ya ɗago hannayensa, matan da ke gaɓa suka kawar da kai. Mutanen ƙetare suna tsaye suna kallon hayaƙi. Mara lafiyar nan sai washegari aka fito da shi, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Ka yi jinyar Ɗandare a Gusau, ban manta ba. Kai ke ba shi koko a baki, kai ke kama masa buta. Ranar da aka kwance masa bandeji, ka ga yatsun sun naɗe sun manne da tafi, ka fita kamar za ka kama ruwa. Da la'asar yaran mota suka ce sun ga ka hau bayan wata mota mai ɗaukar gyaɗa zuwa kudu. Ko kayan aikinka ba ka ɗauka ba.

To, ga abin da ba ka tsaya ka ji ba. Alhaji bai kai ƙara ko'ina ba, ya ce ƙaddara ce, bai sake tayar da zancen ba. Da rani ya yi, gulbi ya janye, gawar jirgin ta fito a kan yashi. Na je na kwance famfon da wayoyinsa na kawo rumfa, don abin ya tsaya mini a rai. Na wanke, na shanya, na haɗa da batir kai tsaye, sai ga shi yana juyawa garau. Gwangwanayen ma lafiyarsu lau, har naka na tsohuwar mota.

Baƙar wayar nan ce, Garba, mai mayar da wuta daga famfo zuwa batir. Ta bi ta ƙarƙashin daɓen jirgin, inda ruwa ke kwanciya. A ido ba ta da aibu. Da na tsaga rigarta, cikin ya zama koren gari, 'yan silai kaɗan suka rage. Sun isa su sa gwangwani ya ce ƙas, ba su isa su juya famfo ba. Mu wutar da ke tafiya muka saba bi, ba ma tambayar hanyar dawowarta, don a mota bodi ke wannan aikin. Ko ka wuni kana kara sukundireba, ƙafar nan ba za ta sauka ba. Na zauna da guntun wayar a hannu, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba, na rasa abin da ke mini daɗi. Na so in yi murnar ganowa, ba wanda zan nuna wa.

Ɗandare ba ya iya riƙe gora, ba ya jefa taru. Ƙanensa ke fito yanzu, shi yana zaune a mashigi yana nuna masa inda ruwa ya ci. Ba zan ce maka yana jin daɗi ba, ƙarya ba ta da amfani a nan. Amma ya zo rumfa da ƙafarsa, ya zauna a kan bencinka, ya ce in na same ka in gaya maka wannan, kuma ga shi yadda ya faɗa: “Ban hiddo shi cikin wuta don shi ɓace ba. In ya san haka za shi yi, mi ya sa na ba da hannuwana?”

Ka ji. Ni dai na isar da saƙonsa.

Saura maganar Inna, wadda ita ce dalilin takardar nan. Idonta ya tafi tun bara. Jikin ma ya saki, ba ta fita ko tsakar gida sai an riƙe ta, bana ko azumi ba ta iya ba. Duk Juma'a nakan je Tsafe in duba ta. Ta daina tambayata labarinka, don ta gaji da jin ƙaryar direbobi daga bakina. Sai dai ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk namijin da ya yi sallama ya durƙusa gabanta, sai ta laluba ta kama hannunsa tana shafawa, tun kafin ya yi magana.

Ka san hannunmu iri ɗaya ne, ruwan batir ya cinye mana fata, waya ta tsattsaga mana yatsu. Juma'ar da ta wuce na shiga da mura, muryata ta dushe. Ta kama hannuna, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a haka. Can ta kai hannu ga fuskata, ta shafa girar hagu. Sai ta sake ni a hankali, ta ce: “Hannun irin nai na, amma ba shi na ba. Sannu da zuwa, Haruna.”

Na sha zagi a tasha, na sha mari a wurin maigida, ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar wannan sannu da zuwa ba.

Garba, ɗan gwaggona, kunyar ta isa haka. Ba wanda ke jiran ka da sanda. Kayan aikinka suna cikin akwatinsu, ina shafa musu mai. In ba ka iya haɗa ido da Gusau, kada ka shigo, ka sauka a Tsafe, a kan hanya take. Ba sai ka shirya abin faɗa ba. Ka durƙusa kawai ka miƙa mata hannu, sauran ita za ta yi. Amma ka yi sauri, don ban ga alamar za ta ga kaka ba.

Allah ya kai maka takardar nan, ya sanyaya maka zuciya, ya sassauta wa Ɗandare, ya ara wa Inna kwana har ka iso. In kuwa ka riga mu gidan gaskiya ba mu sani ba, Allah ya jiƙanka, ya sa wani ya zo ya gaya mana, ko ta daina laluben hannun mutane.

Naka, mai jin haushinka, mai duban hanya,
Haruna mai wayarin, bakin tasha, Gusau.