Tudun Aduwa Ba Kufai Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Kumandan gundumarmu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ni ne Malam Isufu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mazaunin Tudun Aduwa, garin da sabuwar taswirar hukuma ta rubuta wa "kufai". Na gani da idona a Mayahi ranar kasuwa. Ban taɓa jin an aiko wasiƙa daga kufai ba, amma ga tawa.

Na ɗaya. Garin yana bisa tudun yashi, arewa da Gulbin Kaba, gulbin da ya fi yawan ruwa a takarda fiye da a ƙasa. Kakanninmu sun taso daga wajen Tasawa, suka sari daji, suka haƙa rijiya a gindin tudun. Kaburburansu na nan gabas da masallaci.

Na biyu. Masu awon ƙasar da aka turo da rani ba su sauko daga mota ba. Sun hango ɗakuna babu jinka, suka juya. Ranku ya daɗe, a fari irin wannan, in ciyawa ta ƙare, mukan sauke jinkar ɗaki mu ba dabbobi. Shanunmu ne suka cinye rufin garin. Masu ɗakunan sun tafi cin rani kudu, kowa ya toshe ƙofarsa da ƙaya, don yana da niyyar dawowa.

Na uku. Saboda kalmar nan an tsallake mu a rabon iri, an kuma ce ba a yasar rijiyar kufai. In babu iri babu ruwa, ba wanda zai dawo, kuma a lokacin taswirar za ta yi gaskiya.

Yanzu daga ni sai wata tsohuwa da ta ƙi hawa amalanke, sai Bafillatanin da kan biyo shayar da ragowar shanunsa. Ni ke kiran salla. In waiga, babu kowa, in tayar.

Roƙona shi ne a goge kalmar, a yashe rijiyar, a aiko da iri kafin ruwan shuka. Ƙanena ya aiko daga Katsina yana tambaya ko ya kwaso iyali ya dawo gonarsa bana. Ban ba shi amsa ba, ina jiran taku.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.