Magen Baba Ta Dawo, Amma Na Kasa Buɗe Mata Ƙofa

Anti mai fili, don Allah ki taimake ni da shawara, ko da za ki yi dariya in kin ji a kan mage ce.

Mahaifina mai gyaran agogo ne. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, muka rufe shagon, ya dawo gida da zama. Ni ce auta, ni nake tare da shi, ina aiki a ɗakin gwajin jini. Daga shagon babu abin da ya ce a ɗauko masa sai wata mage mai ruwan toka da ta shekara shida tana kwana ƙarƙashin teburinsa. Kwastoma yake kiranta, wai kullum sai ta zo amma ba ta taɓa kawo gyara ba.

Bayan an sallame shi daga asibiti Baba ya ƙi taka ƙafarsa. Ma'aikaciyar da ke zuwa yi masa gashin ƙashi ta yi lallashi, Yayana ya yi faɗa, a banza. Magen nan ce ta tashe shi. Kullum da safe takan fice ta bi layi, in la'asar ta yi ba ta dawo ba sai ya kasa zama. Ran nan na dawo aiki na tarar da shi a bakin ƙofa, ya dafa bango, yana buga cokali a jikin gwangwanin abincinta. Shi kaɗai ya kai kansa. Daga nan kullum sai ya je, har ya fara zama a benci yana gaisawa da masu wucewa.

Wata biyu da suka wuce ta fita ba ta dawo ba. Kwana huɗu, Anti. Baba ya daina cin abinci, sai ruwan shayi. Na bi gida-gida da hotonta a waya, wasu su tausaya, wasu su kalle ni kamar na zare. A rana ta biyar mai facin taya na bakin titi ya aiko a kira ni, ya ji kuka cikin tulin tsofaffin tayoyinsa. Ita ce, ƙafar baya a yage, ga alama babur ne ya kwashe ta. Likitan dabbobi ya ɗinke, ya ce ƙashi bai karye ba. Da na ajiye ta a cinyar Baba, sai ya ce in zubo masa abinci. Na shiga kicin na yi kukana.

Yanzu ta warke sarai, har tsalle take yi kan firji. Likita ya ce sati uku za a tsare ta, ni kuwa yau sati bakwai ban bar ta ta leƙa waje ba. Tana wuni a jikin taga tana kuka, ta yage mini labule biyu. Baba kuma ya koma kujerarsa, tunda babu wadda zai je kira. Mai gashi ta ce ƙafarsa ta fara yin nauyi. Yaya ya ce in buɗe mata, mage ba kayan ado ba ce. Shi da sauƙin faɗa, ba shi ya ga Baba a kwanakin nan huɗu ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ran da ta ɓata, ni na kore ta. Na goge farar rigar aikina ta hau ta kwanta a kai, na yi mata tsawa, na tura ta waje da tsintsiya, na rufe ƙofa. In na sake buɗewa wani abu ya same ta, ban san da wane ido zan kalli Baba ba. In tsare ta ko in sake ta?

’Yar Mai Agogo

Ƙanwata, ban yi dariya ba. Fara da sauke numfashi: mage ta dawo da ƙafa huɗu, Baba yana cin abinci. Mafi munin abin ya wuce.

Batun tsintsiya, ki ajiye shi. Magen da ke fita kullum da safe, ko kin kore ta ko ba ki kore ta ba za ta fita. Duk mai mage ya taɓa yi mata tsawa a kan wanki. Ba ke kika tuƙa babur ɗin ba, kuma ke kika bi layi har aka same ta.

Tsoronki yana kan hanya. Waje akwai ababen hawa, akwai karnuka, akwai maganin ɓera da maƙwabta ke zubawa, kuma magen da ke zaune a gida ta fi tsira daga duk waɗannan. Da ’yar jaririya ce da ba ta san titi ba, da na ce ki raine ta a ɗaki, ba za ta rasa komai ba. Amma Yayanki ma bai yi ƙarya ba. Wannan ta girma a bakin shago, labulenki biyu sun isa shaida. Kuma kullen nan ba ita kaɗai ya kama ba. Ƙafar da ta fara nauyi ta fi damuna fiye da wadda aka ɗinke.

Ba dole sai ɗaya daga cikin biyun ba. Ki rage mata lokaci da nisa. A daina sakinta da sassafe, lokacin da titi ke cike da masu sauri. Ta fita da yamma kafin ta ci abinci, Baba na zaune a benci. Mage mai jin yunwa ba ta nisa da gwangwaninta. Kafin rana ta faɗi ya kira ta, a ba ta abinci, a rufe. Kwanakin farko za ta yi gardama, ki daure. Ki koma wurin likitan ki tambayi allurar rigakafi, da aikin hana haihuwa idan ba a yi mata ba, don yana rage yawo. A cikin gida kuma ki ba ta wani katako ta riƙa yakushinsa.

Ba zan ce miki hatsari ya ƙare ba, raguwa zai yi. Shi ya sa hukuncin bai kamata ya zauna a wuyanki ke kaɗai ba. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ji ra'ayinki, na Yaya, na likita, na mai gashi, ban ji na mai magen ba. Jikinsa ne ya yi rauni, ba hankalinsa ba. Ki zauna kusa da shi ki gaya masa tsoronki, ki tambaye shi yadda yake so a yi. Ina zaton ya daɗe da amsarsa, yana jiran a tambaye shi ne.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi.