Inda Ruwan Teku Ke Kwantawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata ta fari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah yana tare da ke a duk inda kike. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci a Karu.

Wata huɗu ke nan da mutanen ofishinku suka zo gida nan Orozo, suka zauna a tabarma, suka ce kin faɗa teku daga jirgin bincike kina jawo raga.

Ina tuna zuwanki hutu, ina wanke shinkafa kika nuna mini hoto a waya. Ban ga komai ba sai ɗigo biyu baƙaƙe. Kika ce idanun jaririn kifi ne, jikinsa garau kamar ruwa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kika ce jariran kifin ba ko'ina suke a saman teku ba. Akwai layi-layi inda ruwa ke kwantawa sumul kamar an zuba mai, can igiyar ruwa ke tara su tare da abincinsu da ledoji da duk abin da ke yawo. Aikinki ki ƙirga su. Na ce to ina uwarsu? Kika yi dariya, "Mama, ƙwai ta zuba ta wuce, ruwa ke renonsu."

Oganku ya ce a irin layin nan suka neme ki kwana uku. Takalminki ƙafa ɗaya suka samu.

Tun ranar ba na iya leƙa randa. In mai ruwa ya juye jarka, ruwan ya lafa, sai in ga ɗigo biyu suna kallona.

Babanki yana so ranar Juma'a a sallace ki ba gawa. Sau uku ina hanawa, ina cewa takalmi ba mutum ba ne. Jiya ya zauna bakin ƙofa, na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce a yi.

Ki yafe mini, 'yar nan. Ba fid da rai na yi ba. In kina raye, sallah ba za ta hana ki dawowa ba.

Ban taɓa kiran sunanki ba, don kunyar 'yar fari. Har yanzu bakina ya kasa, amma biro zai iya. Allah ya jiƙan ki in kin riga mu, ya maido mini ke in da sauran kwana, Zainab.

Taki,
Mama