Wanda Ya Ƙona Kaset Ɗin Shi Zai Ba da Shaida

Me maigidana ya gani a yaren mutanen Koriya, har ya fi son sa a kan barcinsa? Ya rasu tun jiharmu tana sabuwa, amma har yau in na kwanta sai na tambayi kaina.

Salama gare ku jama'ar wannan zaure. Ni tsohuwa ce a Jalingo, ban yi boko ba, maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa, kuma na roƙa a ɓoye sunana. Ina magana ina share hawaye, ku yi haƙuri da ni. Don Allah ku taimaka min da shawara kafin ranar Lahadi.

Lokacin da aka ba mu jiha, maigidana direba ne a wani kamfani mai haƙa rijiyoyin burtsatse, yana tuƙa wani injiniya ɗan Koriya. A mota ya fara tsintar kalmomi. Da aiki ya ƙare, mutumin ya bar masa rikoda da kwalin kaset na koyon yarensu, ya tafi, ba mu sake jin labarinsa ba. Daga nan gidanmu na unguwar Sintali ya koma makaranta. Yana dawowa daga tasha sai ya zauna gindin mangwaro, wata mace tana magana a cikin rikoda, shi kuma yana maimaitawa. Burinsa ya je Legas ya samu mai koya masa shekara guda cur, daga safe zuwa yamma, ba tuƙi ba noma, har sai ya yi mafarki da yaren. Nakan ce masa, kai da har yau ba ka iya gaishe da uwata da yarenmu daidai ba. Sai ya yi dariya ya ce ai uwata ba ta zo da kaset ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kabeji. Wai harshe ba ya karɓar yare sai ya ci abin da masu yaren suke ci. Ya sa direbobin Mambila suka kawo masa kabeji, ya yanka, ya zuba gishiri da barkono da tafarnuwa, ya danna a randata ta ruwan sha ya rufe. Ranar da ya buɗe, har awakin maƙwabta sun bar bakin katanga. Na yi amai, na yi faɗa, shi kuwa yana ci idonsa yana ruwa yana cewa da daɗi. Randar nan ba ta sake shayuwa ba. Amma ko sau ɗaya ban taɓa masa kaset ba, ni ce ma nake goge musu ƙura da bakin zanina.

Yana da ƙane, yara suna kiran sa Baba Ƙarami. Shi ya fara kiran yayansa mahaukaci a bainar jama'a. In an taru wurin biki sai ya matse ido yana kwaikwayon muryarsa, mutane suna dariya, maigidana ya sunkuyar da kai.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Jikinsa ya yi zafi har ya fara sambatu, kuma da yaren nan yake yi. Na ce a kai shi asibiti. Baba Ƙarami ya ce ba ciwon asibiti ba ne, ruhun da ke cikin kaset ne ya shige shi. Ya kawo wasu masu addu'a da ba na majami'armu ba, suka kwashe kwalin suka zube a tsakar gida. A lokacin kalanzir sai da layi, amma ya juye wanda ke cikin fitilata a kai. Na riƙe hannunsa ina roƙo, ya ce ni aure ya kawo ni gidansu, in koma gefe. Matan danginsu suka zaunar da ni da ƙarfi. Ya ƙyasta ashana, har yau in yara suka ƙona leda a unguwa warin ranar nake ji. Sai washegari aka kai maigidana asibiti, lokacin ba ya magana, a can ya cika. Bayan jana'iza Baba Ƙarami ya ɗauke rikodar ya kai ɗakinsa. Kaset ne kaɗai ke da ruhu, rikoda mai tsada ba ta da shi.

Ban taɓa faɗa wa kowa a cikin jikokina ba. Yanzu ga abin da ya taso. Jikata Rahila marainiya ce, a hannuna ta girma, kuma gaskiya Baba Ƙarami ya tsaya mata a makaranta, ba zan ɓoye wannan ba. Kaka take kiran sa, shi ne namijin da ya rage mata a dangin uba. Yarinyar nan ta kama yaren Koriya a waya ba wanda ya sa ta, ranar da na fara jin ta a ɗaki sai na tsaya a bakin ƙofa ina saurare. Yanzu an ɗauke ta wata makaranta a Abuja, za ta yi shekara ba abin da za ta yi sai yaren, ana ma cewa masu ƙoƙari ana tura su can ƙasar.

Da Baba Ƙarami ya ji zancen ƙasar waje, sai ya shirya godiya a majami'a ranar Lahadi. Kun san yadda ake yi, iyali duka za mu fito da anko muna rawa zuwa gaba, sannan babba a gidan ya karɓi makirfo ya ba da shaida. Ya riga ya fara gwada shaidar a zaurensa. Wai abin a jini yake, wai duk duniya ta yi wa yayansa dariya shi kaɗai ya tsaya masa, shi yake saya masa batir. Na ji da kunnena, na fita bayan gida na tofar da yawu.

Da a nan ya tsaya, da na haɗiye. Amma Rahila ta tambaye shi ina kaset ɗin kakanta, sai ya ce ta tambaye ni, wai mata ba sa son abin da ya raba su da miji, wai tun zancen randa na tsani abin. Ta dawo ta zauna a bakin gadona ta ce, "Kaka, da gaske ke kika zubar?" Na kawar da kai, na ce ta je ta kwanta. Tun ranar tana gaishe ni tana kawo min abinci, amma ta daina karatunta a inda zan ji.

Jiya Baba Ƙarami ya aiko min da atamfar anko, tana ƙamshin turarensa, na sa sanda na ture ta ƙarƙashin gado.

In na faɗa mata, na san halinta, ba za ta sake taka gidansa ba, ni kuma kwanana ya kusa, wa zan bar mata? In na yi shiru, za ta tafi Abuja da ni a ranta a matsayin wadda ta zubar da burin kakanta, kuma in tsaya a gaban bagaden majami'a ina cewa amin ga ƙarya a kan mamaci. Jama'a, in faɗa mata kafin Lahadi, ko in bari ta tafi tukuna? In sa ankon, ko in ce jikina ba daɗi?

Abu ɗaya da ban faɗa ba. Ranar nan, wutar tana ci, da suka sake ni na shiga ɗaki wurinsa. Hayaƙi ya riga ni shiga. Ya buɗe ido ya gane ni, ya kama yatsana, kuma da Hausa ya yi magana, ba da yaren ba. Ya ce, "Maman yara, an bar min kaset a rana, ina jin warinsu. Ki shigo da su kada su narke."