Tabarau ɗin Baba da hedifon ɗin Yaya

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Inna tana cin abinci tana barci, sai dai mantuwar nan tata kullum gaba take yi. Mai ɗakina ce ke fama da ita da rana, Allah ya saka mata.

Saƙonki ya iso, na gode, amma Yaya kin haɗa ni da aiki. Kin san tun da aka rushe bangayen ofishinmu aka zuba mu a ɗaki guda, ban sake samun natsuwa ba. A hannuna na dama akwai wanda muke kira Sarkin Waya, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai na ƙasan bene sun amsa. A haguna injin kwafi ne, yana nishi yana tari tun safe. Ni kuwa aikina duba takardun kwangila kafin su fita, harafi ɗaya ya kuɓuce mini an shiga uku. Kurakurai suka yi ta wucewa ta hannuna, har oga ya kira ni ya ce in aka sake, zai nemo mai ido. Ni da tabarau a fuska ake gaya wa haka!

Ranar da hedifon ɗinki mai toshe surutu ya zo, na ɗora shi a kai, duniya ta yi tsit, har na ji kamar in yi kuka don daɗi. Kafin azahar daɗin ya koma azaba. Kin san tabarau ɗin Baba da na sa aka canza wa gilashi, hannuwansa kauri gare su kamar cokali. Soson hedifon ya danne su, su kuma suka nutse a bayan kunnena, kai ya ɗauki sara. Ga shi ta gefen da suka ɗaga soson, muryar Sarkin Waya tana silalowa abinta. Na ɗora hannuwan a saman soson, gilashin ya karkace, layukan takarda suka koma gangare, na tashi zan je banɗaki na yi karo da kwandon shara. Na cire tabarau gaba ɗaya, sai ga shiru ya samu amma rubutu ya zama tururuwa. Mai ɗakina ta yanka tsohuwar safar yara ta ɗinka wa hannuwan riga, na wuni a ofis da safa ruwan hoda a kunne, mata suna ta tambayata ko a ina ake sayarwa. Ƙananan na cusawa cikin kunne kuwa likita ya hana ni, saboda ciwon nan nawa na tun yarinta.

Da na kawo miki kuka a waya, kika ce ai abin ba wuya, in canza firam ɗin tabarau kawai in huta. Wallahi raina ya ɓaci, don ke kina nesa ba ki ganin abin da nake gani. Inna ta daina riƙe sunana, ta daina gane muryata, amma in na shigo da tabarau ɗin nan sai fuskarta ta saki. Wani lokaci ɗanta take gani, wani lokaci mijinta, ni dai ko wanne ne na karɓa. Duk da haka na bi maganarki rabi. Na je wurin mai gilashi ya yi mini wani mai siraran hannuwa kamar waya, na ofis kawai. Gaskiya ya zauna daidai, kai ya daina ciwo, oga ya daina hararata. Kullum in na tashi sai in musanya a bakin ƙofar gida, kamar mai canza takalmi.

Shekaranjiya na dawo a gajiye na manta. Na shiga na durƙusa na gaishe ta, sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta amsa mini da ladabi, ta ce wa mai ɗakina a kawo wa baƙo ruwa, kuma a gaya masa masu gidan ba su nan. Na fita waje na sa na Baba, na sake yin sallama. Nan take ta hau ni da faɗa, wai ina na tsaya, ga wani bawan Allah ya zo nemana ya tafi ko ruwa bai sha ba. Na ba ta haƙuri, na ce zan neme shi.

Don haka Yaya, ki daina ce mini abin ba wuya. Ki nemi hutu ki zo, tun akwai abin da za ta gane ki da shi.

Ki gaida maigidan, da Auta, da 'yan biyu. Mai ɗakina da Gwaggo suna miƙa gaisuwa.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Mai Ido Huɗu