Zainab Ta Rera Waƙar Jirgin Kaka

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya Malam da yara da mutanen Yauri? Mu nan Greensboro sai godiya.

Yaya, 'yarki Zainab ta fitar da ni kunya. Yarinyar da in na yi mata Hausa sai ta mayar mini da Turanci, ita ce ta miƙe a wani taron suna a unguwar Glenwood ta ɗauko waƙar Inna, ta jirgin Kaka da guguwa ta kifar a tafkin Kainji. Ashe tana naɗar muryata a waya in ina rerawa a kicin.

Kin san a waƙar ba a wuce sunan wanda ruwa ya ci sai an amsa da "Allah ya jiƙansa". Da ta kira sunan Kaka sai ta tsaya. Ni kuwa ina ta kuka ban amsa ba, matan wurin kuma ba su san al'adar ba. Wata ta fara tafi, tana zaton an gama. Zainab ta ɗaga mata hannu ta ce, "Anti, ba tafi ake yi ba, addu'a ake yi." Ta ƙi ci gaba har falon duka ya amsa. Haka aka bi mutanen jirgin ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe.

Ki sa mata albarka, ki saka mu a addu'a. Ki gaida Baba Sani, ki gaya masa an yi wa mahaifinsa Kaka addu'a a Amurka.

Ƙanwarki,
Hadiza